Takalmin Ranar Laraba

Shekara goma sha huɗu Inna Makulli ta yi tana kula da ɗakunan kwanan 'yan mata a makarantar hadda, kuma a tsawon shekarun nan ba ta taɓa sakin jiki da yarinya ko ɗaya ba. Idan yarinya ta gaishe ta da fara'a, sai ta ce akwai abin da take ɓoyewa. Idan ta wuce ba gaisuwa, sai ta ce ai dama ta sani. Sunan ma ɗalibai ne suka laƙaba mata saboda tarin makullan da take ɗaurewa a ƙugu: na babbar ƙofa, na ɗakunan kwana shida, na ɗakin magani, da na ɗan ɗakin tsintuwa da ke bayan famfunan alwala, inda mai shara take jefa duk abin da ta tsinta ta wata taga da gilashinta ya fashe. Kafin ka ga Inna za ka ji makullanta, shi ya sa idan tana son kama mutum sai ta dunƙule su a tafin hannu ta taho a hankali.

Dokar makarantar ba ta bar wa yarinya wurin yin gayu ba. Hijabi ruwan toka har idon sawu, safa baƙa, ba ɗan kunne, ba turare, ba waya, jakar littattafai ma iri ɗaya ake rabawa. Abu guda aka manta ba a tsayar ba, shi ne takalmi, don takardar doka cewa kawai ta yi kada ya zama mai tsini. To 'yan mata ɗari da ashirin, an toshe musu ko'ina, ina kake zaton gasar za ta nufa? Ƙasa ta gangara ta tare a ƙafa.

Mai Murya ce ta jawo. Ita ce babbar ɗalibar da idan ta fara karatu har masu dafa abinci sukan rage hira, kuma ƙananan yara har tafiyarta suke kwaikwayo. Ta je musabaƙa ta ciyo na ɗaya, ta dawo sanye da wani shuɗin takalmi mai igiya ta bayan dunduniya da maɗauri ruwan zinare. Inna ta taɓa ɗaga shi a ƙofar masallaci ta jujjuya, ta taɓe baki, don roba ce aka shafa wa launi, ƙasansa ma gam ne kawai yake riƙe da shi. Amma wa ya tambayi Inna? Mutumin da ke zuwa da mota duk Alhamis yana buɗe but ɗin bayanta a bakin ƙofa, mai sayar da sabulu da biro da man shafawa, ya ji 'yan mata uku sun tambaye shi shuɗin takalmi a rana ɗaya. Mako na gaba sai ga shi da kwali biyu.

Kafin wata biyu makaranta ta rabu gida biyu. Akwai 'yan shuɗi, akwai 'yan roba, wato masu silifas da duk wani tarkacen da ba shuɗin ba. 'Yan shuɗi suka kama teburin da ke kusa da taga a ɗakin cin abinci, suka kama inuwar bishiyar da ta fi sanyi lokacin bitar hadda. Ba wanda ya kafa doka, ba wanda ya kori kowa, kallo ne kawai. Yarinya za ta zo zama, sai a dubi fuskarta, a sauke ido a dubi ƙafarta, a ci gaba da hira. Inna tana ganin duk wannan daga bencinta na ƙofar masallaci, inda ake jere takalma sau biyar a rana, kuma tun lokacin ta faɗa wa kanta cewa abin nan sai ya haifi sata.

Ranar Talata bayan la'asar maganarta ta tabbata, ko kuma haka ta ɗauka. 'Yar Gata, wadda mahaifinta yake da gidajen mai, ta zo tana kuka da safa kawai a ƙafa, ta ce ta ajiye takalminta a ƙofar masallaci, ta fito babu shi. Washegari Laraba da hantsi, sai ga 'Yar Shiru ta fito daga ɗaki na huɗu da shuɗin takalmi a ƙafarta.

Inna ta san 'Yar Shiru kamar tafin hannunta. Jarrabawa ta ci aka ɗauke ta kyauta, ba a biya mata ko sisi, kuma izu shida ya rage mata ta kammala hadda. Ba ta da uwa. Mahaifinta gyaran takalma yake yi a bakin kasuwa, yakan zo ziyara sau ɗaya a wata, ya tsaya can gefe don kada ya tare wa masu motoci hanya, ya miƙa mata 'yar leda da ɗan abin da ba a rasa ba. Yarinyar da ko a layin mai but ba a taɓa ganinta ba, yau ita ce da shuɗi, kwana ɗaya tak bayan na wata ya ɓata. Dokar makaranta kuwa a kan sata ba ta da kwana-kwana: a kira uba, a ɗaure kaya, a buɗe ƙofa.

Ta bari sai da aka idar da azahar, sannan ta sa aka kira mata ita ɗakinta.

"Cire takalmin nan ki ɗora a kan tebur."

Yarinyar ta cire ta ɗora.

"Na wane ne?"

"Inna, ba sata na yi ba."

"Ban ce kin yi sata ba tukuna. Na ce na wane ne?"

"Ina da haƙƙi a kansa."

Inna ta gyara zama. Shekara goma sha huɗu tana jin ƙarya iri-iri, amma ba a taɓa ce mata wai ana da haƙƙi a kan takalmi ba. Mai gaskiya cewa take yi nawa ne, ta faɗi ranar da ta saya.

"Ke kika saye shi wurin mai but?"

"A'a."

"Babanki ya kawo miki?"

"A'a, Inna."

"To daga sama ya faɗo miki? Wa ya ba ki?"

Daga nan 'Yar Shiru ta cika sunanta. Ta sunkuyar da kai tana kallon safarta, hawaye yana ɗiga a kan hijabi, amma ko uffan. Inna ta yi lallashi, ta yi barazana, ta tuna mata izu shidan da suka rage da wahalar shekara huɗu, duk a banza. Aka kira 'Yar Gata, tana shigowa ta nuna tebur ta ce wallahi nata ne, lambar ma ɗaya ce. Inna ba ta manta cewa rabin 'yan shuɗi lambar nan suke sawa ba, amma ta bar maganar a cikinta.

Ta je ɗaki na huɗu ta zazzage akwatin yarinyar a kan katifa. Ba kuɗi, ba wasiƙa, ba kayan kowa. Sai can ƙasa, ƙarƙashin zanin gado, ta ci karo da wani abu mai nauyi a naɗe cikin baƙar leda. Baƙin takalmi ne na fata, ɗinkin hannu, mai kaurin ƙasa, irin wanda za a shekara biyar ana takawa bai ce komai ba. Inna ta tuna shi. Da shi yarinyar ta dawo daga hutun bana, ta sa shi 'yan kwanaki, daga nan ta koma silifas ɗin wanka. Ta tuna har sunan da 'yan shuɗi suka sa masa, wai tayar mota. Wannan ma hujja ce, in ji Inna a ranta, don yarinyar da ta raina abin da take da shi ita ce take sa ido a na mutane. Ta haɗa shi da shuɗin ta kulle a cikin kabad.

Tana fitowa ta ga wata ɗaliba da ake kira Doguwa da ƙawayenta uku a tsaye a bakin baranda, sun yi tsuru-tsuru. Suna haɗa ido da ita suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Inna ta bi su da kallo. Su ma 'yan shuɗi ne, amma na jefi-jefi, yau ka ga wannan da shi, gobe ka gan ta da silifas. Inna ta daɗe da lura da haka, ta ɗauka tattali suke yi don kada ya tsufa, tunda iyayensu ba masu hali ba ne. Yanzu kuma sai ta fara tunanin ko ƙungiya ce, su suke ɗaukowa suna ba wa 'Yar Shiru ajiya. Da yamma ta ji motsi a ƙofarta, ta leƙa ta ga Doguwa ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa. Inna ta ce, "Lafiya?" Yarinyar ta ce maganin ciwon kai take so, alhali idonta ƙarara yake nuna ba shi ya kawo ta ba. Inna ta ba ta ƙwaya biyu, ta tsaya a kanta sai da ta haɗiye.

Alhamis ta tare mai but tun kafin ya gama fito da kaya. Ta tambaye shi ko ya taɓa sayar wa wata siririya mai ɗan tabo a haɓa.

Ya yi dariya. "Haba Hajiya, hijabi iri ɗaya, murya ƙasa-ƙasa, ni kuma ba na kallon fuskar 'ya'yan mutane. Hannu nake gani ya miƙo, in miƙa."

"Guda nawa ka sayar?"

"Allah ya yi albarka dai. Kin san yara, in ɗaya ta saya sauran ba sa barci."

Inna ta harare shi. Shi ma ba ta yarda da shi ba, ta daɗe tana zargin yana ba wa Mai Murya kyauta don ta riƙa sa kayansa, ko da yake ba ta taɓa kama shi ba. Ta juya ta bar shi yana ce mata akwai lambarta idan tana so.

A hanyar komawa ta bi ta gaban ɗakin tsintuwa. Har ta taɓa makullinsa, sai ta tuna ƙura da ƙyanƙyasai da tarin safa marasa 'yan'uwa da ke ciki, ta kuma tuna 'Yar Gata ta ce a ƙofar masallaci ta ajiye, ba a famfo ba. Ga takalmi a kabad, ga mai laifi ta kasa magana, me kuma za ta nema a cikin shara? Ta wuce.

Ka'ida ita ce shugabar makaranta, wadda kowa ke kira Malama Babba, ita take kiran iyaye bayan ta saurari kowa. Amma Malama Babba ta yi tafiya sai Asabar, kuma Inna ta san halinta da tausayi, yarinya tana yi mata hawaye biyu za ta ce a ƙara bincike. Don haka ta ɗauki wayar ofis ta kira mai gyaran takalma da kanta. Ta ji ƙarar kasuwa a bayansa, ta ji ya ajiye guduma.

"Lafiya dai ko, Malama? Ba ta da lafiya ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Ka zo Asabar da safe, ka zo da shirin ɗaukar kaya."

Ya ce to, in Allah ya yarda. Bai tambayi me ta yi ba. Wannan rashin tambayar ya ɗan tsaya wa Inna a rai, har ta rasa ko alamar mutunci ce ko alamar ya san halin 'yarsa, daga ƙarshe ta zaɓi na biyun don ya fi mata sauƙi.

Asabar ƙarfe tara ya iso, da jakar aikinsa rataye a kafaɗa, don daga nan kasuwa zai wuce. Gajere ne, hannayensa duk baƙin gam da sawun basilla. Ya cire takalminsa a ƙofar ofis ko da yake ba a cirewa, ya gaida Malama Babba, ya gaida Inna, ya zauna a bakin kujera. 'Yar Shiru tana tsaye jikin bango da silifas, 'Yar Gata tana zaune a ɗaya gefen da sabon shuɗi, don tun Alhamis aka aiko aka saya mata wani. A kan tebur akwai shuɗin da ake rigima a kansa da baƙar ledar nan.

Malama Babba ba ta ji daɗin kiran da aka yi a bayan idonta ba, kuma ta nuna wa Inna hakan da kallo ɗaya. Duk da haka ta bar ta ta yi bayani. Inna ta jero komai tiryan-tiryan, Talata ya ɓata, Laraba ya bayyana, yarinya ta ce ba ta saya ba, ba a kawo mata ba, ta kuma ƙi faɗin wanda ya ba ta.

Uban ya juya wajen 'yarsa. "Uwata, kin ɗauki abin wani?"

"A'a, Baba."

"To faɗa musu inda kika samu."

Ta girgiza kai, kuka ya ƙwace mata. "Na yi alkawari, Baba. Mun sa Allah a tsakani."

Inna ta kama kalmar nan ta "mun" ta riƙe, ta dubi Malama Babba irin kallon ai ga shi nan. Malama Babba ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Malam, ka ga inda muka tsaya. Ni ba na son in rasa ta, amma in ba ta yi magana ba, doka ba ta bar min wata hanya ba."

Mutumin ya kai ido kan shuɗin takalmin da ke kan tebur. Sannan ya ce, "Ko za a ba ni in duba?"

Inna ta kusa cewa duban me, ai ba gyara aka kawo ba, amma Malama Babba ta riga ta tura masa. Yana ɗauka sai ya zama wani mutum daban. Ƙanƙan da kan nan ya tafi, ya gyara zama, ya kifa takalmin a cinyarsa, ya bi dunduniyar da babban yatsa, ya karkata shi wajen hasken taga. Ya kwance igiyar ya miƙar da ita.

"'Yata," ya ce da 'Yar Gata, "naki da ya ɓata, tun yaushe kike sa shi?"

"Wata ɗaya da wani abu."

"Kina ba wa wata aro?"

Ta yamutsa fuska. "Ni ba na ba da aron takalmi."

"Madalla. A huji na nawa kike ɗaurewa?"

Ta duba ƙafarta. "Na uku."

Ya miƙa wa Malama Babba igiyar. "Duba nan, Malama. Huji shida ne. Mutum ɗaya huji ɗaya yake ci, ya buɗe shi, sauran su zauna sababbi. Wannan na biyu ya buɗe, na uku ya buɗe, na huɗu da na biyar ma haka, har igiyar ta karye a wuri huɗu. Na farkon nan kuma sau ɗaya aka taɓa shi, ga sawun nan sabo." Ya juya ƙasan. "Dunduniya kuma, kowa da inda yake cin tasa. Wani ta waje, wani ta ciki. Wannan ta cinye ta waje, ta cinye ta ciki, ga kuma wata mai jan ƙafa ta goge bayan. Ƙafa ɗaya ba ta yin haka ko shekara za ta yi. Ga sawun yatsu nan ma a ciki, wani gaba wani baya. Wannan takalmin ya fi wata yana yawo a ƙafar mutum huɗu. Ta biyar ɗin ba ta kai ga barin sawu a ciki ba."

Inna ta karɓi igiyar ta kawo kusa da ido, tana neman inda zancen zai warware, ta rasa. Sai Doguwa da ƙawayenta uku suka faɗo mata a rai, yau wannan da shuɗi, gobe waccan, kuma duk iya tunaninta ba ta taɓa ganin biyu daga cikinsu sanye da shi a rana ɗaya ba. Wata guda abin yana gaban idonta, ita da take taƙama ba a yi mata wayo.

"Karo-karo kuka yi," in ji Malama Babba a hankali. "Kowa da ranarta."

'Yar Shiru ta rufe fuska da hijabi. Tunda an riga an faɗa, sai maganar ta fito a guntule. Su huɗu suka fara haɗawa suka saya. Ita ta ce ba ta so, ta daure, ta daure, har ranar da ta je bitar hadda a inuwar bishiya aka dubi ƙafarta aka tambaye ta ko motar da ta ciro wa taya tana nan lafiya. Mako shida tana tara ɗan abin da Baba yake kawowa, tana wanki da guntayen sabulun da ake bari a famfo, kafin suka sa ta a ciki suka ba ta Laraba. Suka yi alkawari ba mai faɗa, don idan 'yan shuɗi suka ji takalmi ɗaya mutum biyar suke rabawa, gara ma a ce 'yan roba ne su.

"Ba zan faɗi sunansu ba," ta ce.

"Ba wanda ya tambaye ki," in ji Malama Babba. Ta juya ga 'Yar Gata. "Ke kuma abin da kika ji a nan, in na ji shi a bakin wata, ke zan kira. Yanzu ki tuna da kyau, a ina kika cire naki ranar Talata?"

Yarinyar ta fara inda-inda. Ta ce ƙofar masallaci. Sannan ta ce ko dai a famfo ne, don ta makara, ta yi alwala da sauri ta ruga.

Inna ba ta jira an ce mata komai ba. Ta tashi ta fita, makullanta suna ta ƙara ba ta ko dunƙule su ba. Ɗakin tsintuwa ya buɗe da ƙyar. Shuɗin takalmi yana kwance a saman tarin safa, daidai ƙarƙashin fasasshiyar taga, hujinsa na uku kaɗai ne a buɗe. Ta tsaya riƙe da shi, kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da ta fara aikin nan. Kwana huɗu makullin yana ƙugunta.

Da ta dawo ta ajiye shi a gaban 'Yar Gata, aka sallame ta. Inna ta buɗe baki za ta ba wa uban haƙuri, sai ta ga hankalinsa ba ya wurinta. Ya jawo baƙar ledar ya kwance. Ya fito da baƙin takalmin, ya kifa shi a cinya kamar yadda ya yi wa wancan, ya bi ƙasansa da yatsa. Ko Inna da ba ta san aikin ba ta ga abin da ya gani, ƙasan yana nan sumul, zanen da ya yi masa da wuƙa don kada ya yi santsi ko gogewa bai yi ba.

"Kwana nawa kika sa shi, Uwata?"

"Biyar."

"Yana matse ki ne?"

"A'a, Baba."

"Na bar miki ɗan wuri a gaba, na ce ko ƙafar za ta ƙaru." Ya gyaɗa kai shi kaɗai. "Shi ne tayar motar."

Bai ɗaga murya ba, bai harare ta ba, kuma Inna ta ji da ma zagi ya yi, da ya fi sauƙin ji. Ya mai da takalmin cikin leda ya sa a jakarsa. Sannan ya ɗauki shuɗin na mutum biyar, ya ɗan ja ƙasansa da yatsa, sai ga shi ya buɗe baki.

"Wannan ba zai kai ƙarshen wata ba. Malama, a ba ni minti goma a waje."

Ya zauna a bencin Inna na ƙofar masallaci, ya shimfiɗa tsumma a cinya, ya fito da basilla da zare. Ba shi da shuɗin zare, sai ya zaɓi baƙi mafi siriri, ya bi ta cikin tsagin gefe inda ba za a gani ba sai an ɗaga. 'Yar Shiru tana durƙushe a gabansa tana kuka ba sauti. Can nesa jikin bishiya Doguwa da ƙawayenta suna leƙe, Inna ta gan su ta kau da kai. Ta matso ta ce, "Malam, ni na yi gaggawa. Ka yafe ni."

"Aikinki kika yi, Malama," ya ce, bai ɗago ba. "'Ya'yan mutane ne a hannunki."

Ya gama ƙafa ɗaya, ya gama ɗayar, ya ciji zaren. Ya ƙara matse maɗaurin da 'yar guduma, ya goge takalmin da tsumma ya ajiye a benci.

"Yaushe ne ranarki?"

"Laraba."

"To ki riƙa ɗaurewa a na farko, kada ki ja da ƙarfi. Ki faɗa wa mai jan ƙafar nan ta riƙa ɗagawa." Ya miƙe ya rataya jaka. "Ki riƙe karatunki. Saura izu shida ko?"

"Baba, ka bar min baƙin."

"Bar shi, Uwata. Akwai wata mata da take neman irinsa, lambarku ɗaya."

Inna ta san ƙarya idan ta ji ta, aikinta ke nan shekara goma sha huɗu, kuma ta san babu wata mata. Ta raka shi babbar ƙofa, ta buɗe masa, ya yi godiya ya fita, ta mai da kwaɗo ta kulle. Ta cikin ƙarafan ƙofar tana hango shi yana tafiya gefen titi, jakar ta rinjayar masa da kafaɗa ɗaya.

Sai ta ji numfashi a bayanta. 'Yar Shiru ce, ta baro silifas ɗinta a wajen benci, ta kama ƙarfen ƙofa da hannu biyu. Ba ta roƙa ba, don ta san doka, ɗaliba ba ta ƙetare ƙofar nan sai da takardar Malama Babba, kuma Inna ba ta taɓa buɗe wa kowa ba ko da kuka ko da rantsuwa.

Inna ta dube ta, ta dubi titi. Mutumin ya kusa kaiwa kwanar da ake tsayawa jiran mota. Ta lalubo makullin a cikin tarin, hannunta ya ɗan yi mata gardama kafin kwaɗon ya buɗe.

"Yi sauri kafin ya hau," ta ce.

Yarinyar ta fita da gudu da safa kawai a ƙafa, ta tattare hijabi da hannu ɗaya. Inna ta tsaya riƙe da ƙofar a buɗe. Ta ga ta cim masa, ta ga ta kama igiyar jakar da hannu biyu ta ƙi saki, shi kuma ya tsaya bai juyo ba tukuna. Mota ta zo ta tsaya, ta yi hon, ta gaji ta wuce. Aka buga ƙararrawar shiga aji a bayan Inna, ba ta waiwaya ba, ta ci gaba da jira a bakin ƙofa.